Minti Goman da Kawu Bustianu Ya Ƙara

Kowace safiya, kafin ya sha kofi, Bustianu Fadda yakan zagaya bayan gida inda matarsa Mallena take gasa burodi, ya tsuguna a bakin tanda ya cika wani ɗan gwangwanin taba da toka. Shi ba ya shan taba. Gwangwanin na mahaifinsa ne, murfinsa ya sha hannu har yana ƙyalli kamar madubi. Sai ya sa shi a aljihun hagu, ya zuba busasshen burodi da cuku a jaka, tare da wata tsohuwar rigar buzu da ƙararrawar tumaki wadda ya cusa wa tsumma don kada ta yi ƙara. Daga nan ya gangara shagon kofin Totoni, inda masu ɗaukar hoto suke jiransa da sababbin takalma.

Takalman yake fara dubawa. Sannan ya shinshina.

"Wa ya shafa turare?"

Sai kowa ya dubi na kusa da shi.

"To, duk wanda ya shafa, ga famfo can bayan shago. Ragon dutse ba budurwa ba ne, ba zance za mu je ba."

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki a duwatsun Supramonte na tsibirin Sardiniya, mai gadin daji kuma jagoran masu zuwa ɗaukar hoton tumakin dutse. A ƙarshen wannan wata zai ajiye aiki. Hotunan da aka ɗauka a bayansa sun shiga mujallu da kalandu, wasu har sun ci kyauta. Sunansa bai fito a ƙarƙashin ko ɗaya ba. A ƙauyensu na Ortuai, Kawu Bustianu kawai ake ce masa.

Tokar nan ita ce babban kayan aikinsa. Tunkiyar dutse takan yafe maka motsi, takan yafe maka tari, amma ba ta yafe warin mutum. Don haka in ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya, ya ɗebi toka da yatsu biyu ya saki, ya ga inda ta nufa. Da safe iska daga tsauni take gangarowa kwari, wanda yake ƙasa warinsa ba ya hawa. Da zarar rana ta gasa duwatsu sai ta juya ta hau. Kafin ta juya takan tsaya cik na ɗan lokaci, toka ta zube a kan takalmi. Dokarsa ɗaya ce: in toka ta tsaya, a tashi.

Totoni ya tuna ranar da wasu baƙi shida daga Jamus suka yi tafiyar awa biyar a bayansa, suka hango garke, ko kafa kyamara ba su gama ba ya ce a koma.

"Ɗaya har kuka ya yi," in ji Totoni. "Wani ƙato, gemu har ƙirji. Suka dawo nan suna zaginsa da yarensu, shi kuwa sai na gode yake ce musu."

Kai ne, Kawu Bustianu, wanda makiyaya suka shaida ya kwance tarkon waya fiye da ɗari huɗu a waɗannan duwatsu, bai taɓa ɗaga murya ga wanda ya ɗana su ba, sai dai ya kai masa wayar har gida ya ajiye masa a kan tebur. Kai ne ka san kowane idon ruwa da lokacin da yake ƙafewa. Amma wannan jinjina ba a kan ranakun da ka bi dokarka take ba. A kan ranar da ka karya ta ne.

Ranar sha ɗaya ga Afrilu ce, shekara huɗu da suka wuce, yana da shekara sittin. Mutum ɗaya ya ɗauka, Ilaria Congiu, mai ɗaukar hoto daga birnin Cagliari. Shekararta ta huɗu ke nan tana zuwa neman abu guda: hoton sabon haihuwa a gefen uwarsa. Shekarar farko hazo ya rufe dutsen. Ta biyu kyamararta ta faɗa rafi. Ta uku ko kashin tunkiya ba su gani ba.

Bayan hawan awa huɗu, ƙarfe goma saura suka kwanta rub da ciki a bayan wasu ƙananan itatuwa. A can gabansu, ƙetaren wani gangare mai tsakuwa, akwai wani leɓen dutse da bai fi faɗin tebur biyu ba, ƙarƙashinsa rami mai zurfin mita arba'in. Tumaki goma sha ɗaya ne a wurin da kewayensa, da 'ya'ya biyar. Ƙaramin cikinsu ko cibiyarsa ba ta bushe ba. Uwarsa wata ce mai tsagaggen kunne.

Inuwa ce a kan leɓen dutsen. Ilaria tana jiran rana ta sauka a kansa.

Ƙarfe goma da rabi Bustianu ya saki toka. Ta zube a kan hannun rigarsa.

"Tattara kayanki, 'yata," ya ce a hankali.

"Kawu, dubi rana, ta kusa. Minti goma."

"Iska ba ta ɗaura agogo."

"Shekara huɗu fa, Kawu. Ka ga furfurar nan? Kai ka sa mini ita."

"Ni na ce ki wanke kyamara a rafi?"

"Don Allah. Goma kacal. In na ƙara ko ɗaya ka wurga ni kwari, ba wanda zai nemi ba'asi."

Ya dubi gwiwoyin wandonta da suka yage a hawan, ya dubi layin hasken rana da yake rarrafowa kan dutsen. Saura kamar taku uku.

"Goma," in ji shi.

A minti na bakwai ya ji iska a ƙeyarsa.

Babbar tunkiyar garken ta ɗaga kai, ta yi wani fito ta hanci, ta buga ƙafa sau ɗaya. Kafin Ilaria ta ɗago daga kyamara sun haye gangaren, sai ƙarar tsakuwa tana zubowa. Bustianu ya ƙirga su da tabaron hangen nesa yayin da suke ƙetare ƙoƙuwar tsaunin. Manya goma. 'Ya'ya huɗu. Ta goma sha ɗayan, mai tsagaggen kunne, ta tsaya a can sama tana kallon ƙasa. Ɗanta yana nan a kan leɓen dutsen, ya lafe, haɓarsa a ƙasa. Rana ta sauka a kansa sosai, yadda Ilaria ta so.

Sai wata inuwa ta gilma ta kansu.

Mikiya ce. Bustianu ya san ta, ya san inda sheƙarta take. Sau tara a rayuwarsa ya ga mikiya ta ɗauki ɗan tunkiyar dutse, bai taɓa ɗaga ko yatsa ba. In baƙi suka yi ihu yakan ce musu ita ma tana da 'ya'ya masu jin yunwa. Amma duk waɗancan lokutan uwar tana nan, ta yi iya ƙoƙarinta ta kasa. Wannan karon mutum ne ya kore ta.

"Tashi tsaye," ya ce wa Ilaria. "Fito fili, ta gan ki."

Suka miƙe. Mikiyar ta ƙara sama, ta shiga kewayawa.

"Mu je mu ɗauko shi mana, Kawu."

"Ki taɓa shi uwar ta ƙi shi, ya zama naki. A Cagliari za ki shayar da shi?"

"To mu tsaya nan har uwar ta dawo."

"Muddin tana ganinmu ba za ta sauko ba, ko za mu kwana. In kuma muka tafi, ita sai ta yi awa tana shawara, waccan ta sama kuwa ƙiftawar ido ta ishe ta."

Ilaria ta ɗaga kai ta dubi mikiyar. Da ta sake magana ba ta dube shi ba.

"Ka san dai in mikiyar nan ta ɗauke shi a gaban kyamarata, hoton zai zaga duniya."

"Na sani. Shi ya sa zan ba ki aikin da zai cika miki hannu biyu."

Ya sake sakin toka, sau uku, a wurare uku. A hannun dama da leɓen dutsen akwai wata tsaga mai zuƙar iska kamar bututun hayaƙi, tana fitar da ita can gabas, nesa da inda uwar take tsaye. A bakin tsagar akwai wani ƙaton dutse. Wanda ya kwanta a bayansa, uwar ba za ta gan shi ba, ba za ta ji warinsa ba, amma mai kallo daga sama zai gan shi sarai. Sai dai kafin a kai can sai an ƙetare gangaren tsakuwar, mita ɗari da hamsin, a kan idon uwar.

Ya ciro rigar buzun. A garken surukinsa yake ajiye ta, warin tumaki ya kama ta har ƙashi. Ya sa ta a kan farar rigarsa, ya zare tsumman ƙararrawar, ya rataya ta a wuya. Tumakin makiyaya suna kiwo a waɗannan gangare tun kaka da kakanni, na dutse sun saba da ƙararrawarsu, ba sa ko ɗaga kai.

Ya cire murfin gwangwanin ya miƙa mata.

"Ki tsaya nan a tsaye har na kai. In na kai, ki sauka ki ɓuya a ƙarƙashin waccan bishiyar, iska ba ta bi ta can. Zan ga sama, amma ba zan ga wajen kwari ba. In mikiyar ta zo ta can, ki haska mini rana da murfin nan a jikin dutsen. Kada ki yi ihu. Kika yi ihu, uwar ta tafi ke nan."

"In ka zame fa?"

"Sai ki ɗauki hoto. Ba kin ce kina son wanda zai zaga duniya ba?"

Minti arba'in ya yi yana rarrafe, hannu da gwiwa, kansa a ƙasa, yana tsayawa nan da can kamar mai cizgar ciyawa. A tsakiyar gangaren tsakuwa ta gudu a ƙarƙashinsa. Ya zame kamar tsawon mutum biyu, gwiwarsa ta dama ta daki wani dutse, nan ya tsaya. Bai yi ƙara ba. Ya danne ƙararrawar da haɓa har tsakuwa ta daina zuba, sannan ya ci gaba. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin ya kai bayan dutsen, ya juya rigingine, ya buɗe buzun, farar riga da fuska suna kallon sama. Mikiyar ta gan shi. Ta ci gaba da kewayawa, ba ta sauko ba.

Daga nan aikin ya koma na hannun hagu. Bustianu ya yi kiwo kafin ya yi gadi, ya san ƙararrawar tunkiya mai gudu daban take da ta mai kiwo. Mai gudu tana cewa akwai tashin hankali. Mai kiwo tana cewa lafiya lau: kaɗa biyu, shiru, kaɗa ɗaya. Shi ya riƙa yi.

Daga inda yake ba ya ganin uwar, ba ya ganin ɗan. Sama kawai yake gani, da ɗigon baƙi yana zagayawa a cikinta. Rana ta tsaya masa a ido. Gwiwar ta kumbura ta cika wando. Tururuwa suka shiga wuyansa, bai sosa ba. Wajen ƙarfe sha biyu da rabi ɗan ya yi kuka sau ɗaya, siririn kuka. Bustianu ya ga zagayen mikiyar ya ragu. Ya kaɗa biyu, ya yi shiru, ya kaɗa ɗaya.

Ƙarfe ɗaya da rabi ɗigon ya ɓace.

Abin da ya biyo baya Ilaria ce ta gani, ta cikin dogon gilashin kyamararta. Uwar ta daɗe da fara saukowa, taku uku ta tsaya, taku biyu ta waiwaya. Saura mata kamar taku ashirin.

"Na ɗauka mikiyar ta haƙura," in ji Ilaria. "Sai na gan ta a ƙasa, wajen kwari, tana bin jikin dutsen kamar inuwa, fukafukai a tanƙware. Ita da ɗan da uwar duk suka shiga gilashina lokaci guda. Haske ya yi daidai. Yatsana yana kan maɓalli. Ba zan yi ƙarya ba, na yi tunani. Ban san tsawon tunanin ba, amma na yi."

Ta saki kyamarar, ta kama murfin da hannu biyu. Hasken farko ya tafi wani wuri. Na biyu ya sauka a jikin dutsen.

Bustianu ya ga haske yana rawa a saman fuskarsa. In ya miƙe tsaye uwar za ta gan shi. Sai ya mirgina wajen kwari, inda dutsen yake kāre shi daga gare ta, ya ware hannuwa biyu. Ƙafarsa ta hagu ta leƙa ramin. Mikiyar ta wuce kusa da shi har ya ji iska a gashinta kamar ana yaga ƙyalle. Ta karkace, ta faɗa kwari, ta tafi.

Amma a mirginawar ƙararrawar ta yi ƙara irin ta mai gudu. Ya ji kofato ya daki tsakuwa a sama, tsalle biyu da baya. Sannan shiru.

Bai gyara kwanciya ba, don ko motsi kaɗan zai sake kaɗa ta ba daidai ba. Ƙafa ɗaya a kan rami, ya ɗan jira. Ya kaɗa biyu. Shiru. Ya kaɗa ɗaya.

Minti goma sha biyu uwar ta yi a tsaye wuri ɗaya, in ji Ilaria, wadda ta duba agogo. Sannan ta sauko. Ta shinshina ɗan daga kai har wutsiya, ta ture shi da hanci. Ya miƙe yana tangaɗi, ya kama nono. Da ya gama ta juya, ya bi ta, suka haye ƙoƙuwar tsaunin.

Bustianu bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ba su yi shawarar alamar da za ta nuna an gama ba. Ya ci gaba da kaɗa ƙararrawa ga dutsen da ba kowa a kai har rabin awa, sai da Ilaria ta ƙetaro gangaren da kanta.

"Kawu, sun tafi tun ɗazu."

"Su biyu?"

"Su biyu."

"To zo ki ja ni. Ƙafar nan ta riga ni ajiye aiki."

Wani makiyayi ne ya ɗauke su a mota daga gindin dutsen, suka shiga Ortuai rana tana faɗuwa. Mallena ta dube shi daga bakin ƙofa, buzu a jiki, ƙararrawa a wuya, mutum biyu suna riƙe da shi.

"Na sallami miji da safe an dawo mini da tunkiya," in ji ta. "Ku ajiye shi a waje, sai ya yi wanka."

Ba wanda zai san abin da ya jawo wannan in da sun yi shiru. Washegari Ilaria ta same shi yana rubuta rahoton da yake miƙa wa hukumar gandun daji bayan kowace fita, ƙafarsa a kan kujera. Ta roƙe shi ya rubuta cewa ita ta matsa.

"Ke kin roƙa, aikinki ke nan. Wa ke riƙe da toka?"

Rahoton yana nan, layi uku ne a kan wannan batu: "Ƙarfe goma da rabi toka ta tsaya. Na ƙara minti goma. Laifina ne." Aka dakatar da shi daga jagoranci wata biyu. Bai ɗaukaka ƙara ba. Da Totoni ya ce masa ya yi wauta, cewa ya yi kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Gwiwar ba ta koma daidai ba. Da ɗingishi ya yi shekara huɗun da suka rage masa a aiki.

Kai ne, Kawu Bustianu, ka nuna cewa mai tsare doka ba shi ne wanda bai taɓa kuskure ba. Ka yi kuskuren minti bakwai, ka biya shi da awa uku a bakin rami da gwiwa ɗaya, sannan ka sa hannu a ƙarƙashinsa da sunanka. Makiyayin abin da ba nasa ba. Ɗan da ka tsare ko fuskarka bai gani ba.

Ilaria har yanzu ba ta samu hotonta ba. Tana zuwa duk Afrilu. Waɗanda suka yi tafiya da ita sun ce in toka ta tsaya ita ce take fara naɗe kaya. Hoto ɗaya ta ɗauka a waccan rana, lokacin da take tsaye a fili tana tsare sama: wata dabba mai kaurin baya da baƙin gashi tana ƙetare tsakuwa, da takalman mutum a ƙafafunta na baya. Yana rataye a shagon Totoni, sama da injin kofi. Baƙi sukan tsaya su tambaya wane irin rago ne wannan.

"Irin da aka daina haihuwa," in ji Totoni. "Guda ɗaya ya rage, shi ma ga shi can yana shan kofi."

Mutanen Ortuai sun gode, Kawu Bustianu, haka masu kyamarar da ka kora bayan shago su wanke turare. Allah ya ba gwiwar sauƙi, ya sa hutun ya yi albarka. Mallena ta ce ba ta tsammanin za ka daina satar mata toka.

Masu shigowa aikin yanzu za a ba su na'urar auna iska da rediyo, kuma ya kamata su koyi amfani da su. Amma duk wanda aka damƙa wa amanar abin da ba ya iya magana, ko daji ne, ko majinyaci, ko 'ya'yan mutane, wata rana wani zai roƙe shi minti goma. Gara ya ƙi. In kuwa ya ba da, to ya yi kamar Bustianu Fadda: ya rarrafa da kansa ya gyara, ya dawo ya rubuta cewa shi ne.